Marayan da Uwarsa Take Zurmi

Zurmi,
Nuwamba, 1999

Zuwa ga Nagoggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da maigidanka Boniface da iyalinsa. Mu nan lafiya lau. Ciwon gwiwata ya yi sauƙi. An gama yankan gero, dawa ma saura kaɗan, kuma bana Allah ya rufa asiri, rumbun baya ya cika. Baffanka Hassan yana gaishe ka. Ƙannenka suna makaranta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina sheƙar gero sai na ji kuka daga zaure. Fatimatu ce, wadda muka yi sakandare tare, take aure a Galadi. Tun da safe ta hau babur, ta zo da goro da ƙwaryar fura na gaisuwar mutuwa. Ta shigo tana salati, ta ɗaga kai ta gan ni da faifai a hannu, sai ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Lauratu, ke ce ko idona ne?" Na ce, "Ni ce. Wa ya rasu?" Ta ce, "Ke."

Daga nan ta fito da wani ɗan littafi da ɗanta ya sayo a kasuwar Shinkafi. Sunansa Marayan Ruga. A ƙasa an rubuta, "Labarin rayuwata na gaskiya, daga Sanda Nagoggo." A bangon baya ga hotonka da malfa da sanda a kafaɗa. Fatimatu ta ce da ganin fuskar ta san jinin mahaifinka Malam Abbati ne, ba ta tsaya tambaya ba.

Na karanta shi daga farko har ƙarshe. A ciki an haife ka a ruga, mahaifinka yana da garke, mahaifiyarka kuma maciji ya sare ta a bakin gulbi kuna hanyar mashekari, zangon shanu na rani, ta cika a gabanka. A ɗakin nan da nake zaune nake rubutu aka haife ka. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, tela ne, dabbar da ya taɓa mallaka akuya ce, ita ma ta ɓata ranar kasuwa. Kai kuwa har ka shiga aji uku ragon maƙwabta yana hana ka fita ƙofar gida. Kuma ko mutuwar kirki ba ka ba ni ba, a kan gado da mutane a kaina. Maciji, a daji.

Ba zan ɓoye maka ba, ka iya rubutu. Wurin da ake binne ni sai da na ajiye littafin na share ido. Amma wanda Allah ya ba baiwa ya yi ƙarya da ita ya fi wanda bai iya komai ba laifi. Da ka ce labari ne ka ƙaga, da ni zan fara saya. Ka rubuta "na gaskiya" da hannunka.

Fatimatu ta kwana. Mun dama furar gaisuwata mun sha, mun yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Da ita na yi dariyar, ba da kai ba. Ina jiran bayani ta hannun direban da ya kawo maka wannan.

Ni ce,
Lauratu

Kaura Namoda,
Nuwamba, 1999

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da jin gwiwa ta yi sauƙi, da jin amfanin gona ya yi kyau. Ina lafiya. Aiki ya yi yawa a shago, kowa yana son a buga masa katin biki kafin azumi. Ki gaishe da Baffa da yara, da Inna Fatimatu, ki ba ta haƙuri a kan wahalar babur.

Inna, na yi kuskure, amma ki saurare ni. Makiyaya na zuwa kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa, ni kuma in na tashi aiki nakan zauna da su in ji hirarsu. Daga nan labarin ya taru. Da na kai wa mai sayar da littattafai a tasha sai ya ce labarin ƙage ya yi yawa a tebur, na gaskiya ake nema. Shi ne na ƙara layin nan, na ari malfa da sanda. Oga Boniface ya faɗa mini tun ranar. Ya ce, "Zan buga maka, amma ranar da mamanka ta gani, ban san ka ba." Kuma ai ba duka ne ƙarya ba. Baba ya rasu, ni maraya ne. Goggo Saliha ce ta riƙe ni ina ƙarami, Nagoggo kuwa ke da kanki haka kike kirana.

Akwai maganar da ta fi wannan. Wata malamar firamare a nan Kaura, sunanta Murja, ta zo buga katin bikin ƙawarta, ta gane ni daga hoton. Mun saba, mun fahimci juna. 'Yar Alhaji Rufa'i ce, dillalin shanu a Shinkafi. Da ta je hutu ta karanta masa littafin. Shi a ruga ya tashi, kuma mahaifiyarsa ta rasu yana yaro. Ta ce bai bari ta kai ƙarshe ba sai da ya juya fuska bango. Na je na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ce maraya ɗansa ne, in turo magabatana bayan Sallah.

To a littafi, wadda ta rage mini ita ce Goggo. Goggo Saliha kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Roƙona shi ne ki zo tare da Baffa a matsayin Goggo. Ba sai kin ce komai ba, ki zauna kawai a gaishe ki. In an ɗaura aure, hankali ya kwanta, ni da kaina zan warware komai a hankali. Inna, ba a samun irin Murja kullum. Za ki so ta.

Ɗanki,
Mu'awiya

Zurmi,
Disamba, 1999

Zuwa ga Nagoggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an shigo da dawa, ana shirin azumi. Takardarka ta iso.

Na yi murna da maganar yarinyar. Malamar makaranta ce, kuma gidan da uba yake kuka don maraya gidan kirki ne. Wannan ya ƙara nauyin laifinka.

Amsata ita ce a'a. Da farko ka kashe ni, yanzu kana so ka tashe ni ka mayar da ni 'yar'uwar mijina. Tun da aka yi taron shari'a a Gusau kowa yake gyara zamansa a jihar nan. Masu awo sun sake kwanonsu, direbobi sun daina rantsuwa a gaban mutane. Kai kuma wannan lokacin ka zaɓa ka ɗauko ni shaidar zur, a kan aure, a gidan mutumin da ya kira ka ɗansa. Ka ce ba sai na yi magana ba. Wadda aka ce mata "sannu Goggo" ta amsa, ta yi magana.

Ka kuma yi tunanin gaba. Ranar suna wa zan zama? In jikana ya tambayi kabarin kakarsa, bakin wane gulbi za ka kai shi? Ramin ƙarya ƙurarre ne, kai kuma kana so ka gina ɗakin amarya a cikinsa.

Ka je Shinkafi kafin azumi ya yi nisa, ka durƙusa gaban Alhaji ka faɗa masa kai ɗan waye. In ya kore ka, ka ji da abin da ka shuka. In ya yafe, ni da Baffanka muna nan tafe da goronmu, ni a matsayin da Allah ya ajiye ni.

Ni ce,
Lauratu

Kaura Namoda,
Cikin azumi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fata azumi yana zuwa da sauƙi, kuma ba kya tsayuwa da yawa a kan gwiwar nan.

Na ji shiru tun takardata ta baya. Na san halinki, in ba ki yarda da abu ba ba kya kwana da shi, da tuni direba ya kawo mini faɗa. Saboda haka na gode, Allah ya ƙara girma. Na aika wa Alhaji cewa Goggona da Baffana za su zo Asabar ta farko bayan Sallah. Hajiya Laila, mahaifiyar Murja, ta ce tana ɗokin ganin matar da ta riƙe maraya. Ga atamfa nan na aiko ki ɗinka. Oga Boniface da matarsa Ada suna gaishe ki, ita ce ta zaɓi launin.

Ɗanki,
Mu'awiya

Kaura Namoda,
Ƙarshen azumi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina lafiya a jiki.

Yau takardarki ta iso. Motar direban ce ta lalace, ta yi ta zama a wurin bakanike da takardar a cikinta. Na karanta na ga ashe tun kafin azumi kika ƙi, ni kuma na riga na sa rana.

Duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma ba zan iya tsayawa gaban Alhaji ba. Mutumin da ya ba ni labarin rasuwar mahaifiyarsa, abin da ko 'ya'yansa bai taɓa gaya wa ba, saboda yana ganin ciwonmu ɗaya. Gara in aika a ce na janye, in bar Murja ta sami wanda ya fi ni. Bayan Sallah zan yi haka.

Abu ɗaya zan faɗa, ki yi haƙuri da shi. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Kai, ko wancan, ko Nagoggo. Ƙannena kina kiransu tun daga zaure. Ana yaye ni aka kai ni gidan Goggo, in kin zo kuma ko kallona ba kya yi. Na san al'ada ce, uwa tana kunyar ɗan fari, ba ke kika fara ba. Amma yaro bai san al'ada ba. Shafin nan da matar take kiran ɗanta da sunansa a bakin gulbi, ba don mai sayar da littattafai na rubuta shi ba.

Allah ya sa mu ga Sallah lafiya.

Ɗanki,
Mu'awiya

Zurmi,
Janairu, 2000

Zuwa ga Nagoggo,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Mun yi ta lafiya, sai dai ba ka zo ba, kuma na san dalili. Gwiwa ta ɗan motsa saboda zaman mota, ba wani abu ba ne.

Kada ka aika wa kowa komai. Mun je Shinkafi.

Rana an riga an sa ta, mutane sun yi girki, ba a barin dattijo yana jiran baƙin da ba za su zo ba. Na ɗinka atamfar. Ka gaya wa Ada tana da ido. Baffanka ya ɗauki goro da alewa, duk hanya yana cewa, "Lauratu, ki bi a hankali." Na ce masa a hankali zan faɗi gaskiya, amma zan faɗe ta.

Shi aka tsayar da shi a zaure wurin maza, ni aka shiga da ni ɗakin Hajiya Laila. An shimfiɗa darduma, an kawo fura da nono mai kyau. Akwai wata tsohuwa a gefe tana jan carbi, yayar Alhaji ce. Hajiya ta kama hannuna ta ce, "Sannu Goggo, Allah shi saka miki da riƙon maraya." Na ce, "Hajiya, kafin in sha ruwan gidanku, ni ba goggonsa ba ce. Ni ce wadda maciji ya sara."

Ba ta gane ba sai da na yi bayani. Na faɗi tela, na faɗi akuya, na faɗi malfar aro. Ta tashi ta aika a kira Alhaji. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ta maimaita masa. Dogo ne, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "An ce mini goggo za ta zo, yanzu an ce uwa ta zo. Yaron ya ce uwa ta mutu. Ni wa zan gaskata? Wata ma tana iya shigowa gobe ta ce ita ce." Na ce ya tambaye ni abin da ya ga dama. Ya ce, "In ba Sanda ba ne, to mi ne sunanai na yanka?"

Ka saurara da kyau, don ba zan sake ba ka wannan labari ba. Na san za a iya tambayata. Bayan takardarka ta ƙarshe na yi niyya, har a mota ina maimaita shi a zuciya. Na buɗe baki, ga Alhaji, ga Hajiya, ga tsohuwa ta daina jan carbi. Harshena ya ƙi. Na sake gwadawa, ya ƙi. Ni da na yi shekaru ina tsayawa gaban aji, sai ga ni na ja mayafi na rufe fuska ina cewa, "Mai sunan kakansa ne, ku tambayi Baffansa."

Tsohuwar nan ta fashe da dariya har carbin ya faɗi. Ta ce, "Rufa'i, bar ta haka. Wagga ita ta haihe shi. Da goggo ce da tuni ta faɗi, har da laƙabi." Ta ƙara masa wata magana da Fillanci wadda ban ji ba, sai na ga ya sunkuyar da kai. Hajiya ta ce mini daga baya, cewa tsohuwar ta yi, uwarsu ma haka ta rasu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba.

Ka ce ba ka taɓa jin sunanka a bakina ba. Gaskiya ne, kuma ba za ka ji ba. Da bakin nan da ya kasa aka gane ni a Shinkafi. Sannan ka zauna ka yi tunanin daga wane gida kunun da kake sha kowace safiya a wurin Goggo yake fitowa. Na rufe wannan magana.

Alhaji ya yi fushi, kada ka zaci bai yi ba. Ya ce, "Na yi kuka gaban ɗiyata a kan macijin da babu shi." Na ce yana da gaskiya, in ya fasa babu wanda zai ga laifinsa. Ya ce a tambayi yarinya. Murja tana bayan labule tun farko, ina ganin ƙafafunta. Ba ta yi magana da ni ba, tana da kunya, uwarta ta gaya wa. Ta ce tana fushi da kai, kuma za ta daɗe tana yi. Amma ta ce abin da ya dame ta a littafin dama shi ne ba ta da suruka, yanzu ta samu, ba za ta mayar ba. Hajiya ta yi guɗa kaɗan, Alhaji ya harare ta, ta fasa.

Ya koma zaure suka daɗe da Baffanka. An karɓi goro. Ɗaurin aure bayan Babbar Sallah, bisa sharaɗi biyu.

Na farko, duk littafin da ya rage a shago da tasha a manna masa takarda a shafin gaba, a ce labarin ƙage ne, a sa sunanka na yanka da na mahaifinka, a ce tela ne mutumin Zurmi. Alhaji ya ce kada a ƙona ko ɗaya, labarin yana da daɗi, mai shi ne maƙaryaci.

Na biyu, ya ce shi makiyayi ya yi wa alkawarin 'yarsa, makiyayi zai ba. Shanunsa suna wajen Galadi. Za ka je ka zauna da masu kiwonsa daga yanzu har Babbar Sallah, ka kwana inda suke kwana, ka kai shanu ruwa, ka koyi tatsa. Ranar da ya zo ya ga ka cika ƙwarya da hannunka, magana ta ƙare. Mun biyo ta Kaura a dawowa, kana tasha kai saƙo, na ga Boniface. Ya ce ya ba ka hutu, kuma zai rufe shago rana guda ya je ya gani da idonsa.

Ka fara zuwa Shinkafi ka durƙusa ka ba Alhaji haƙuri da bakinka, wannan ba sharaɗinsa ba ne, nawa ne. Ka riƙe salla a kan lokaci a daji. Kada ka cika su da surutu, kada ka ce musu ka san komai. Na sa a daka maka ƙuli da yaji, direba zai kawo, da bargon mahaifinka. Fatimatu ta ce za ta riƙa leƙa ka tana aiko mini da labari.

Tsohuwar ta ce a garken akwai wani jan bijimi da ba ya son baƙi. Na roƙi Alhaji a fara haɗa ka da shi.

Allah ya yi maka albarka.

Ni ce,
Lauratu